Yadda ake zaɓen wurin sake gina ƙauyen kan tsauni bayan girgizar ƙasa

Ranar Juma'a 8 ga Satumba 2023, da misalin ƙarfe 11 na dare, ƙasa ta girgiza a tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko, kimanin kilomita 70 kudu maso yamma da birnin Marrakesh. Ƙarfin girgizar ya kai maki 6.8, mutane kusan 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, galibinsu mazauna ƙananan ƙauyukan da ke manne a jikin duwatsu, masu gidajen ƙasa da dutse. Bayan 'yan kwanaki gwamnati ta sanar da tallafin dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya, da dirhami 80,000 ga wanda wani sashen nasa ya lalace. Amma kafin magidanci ya sayi buhun siminti ko ɗaya, akwai tambayar da ke gabansa: a ina zai kafa harsashin? A ƙauyen Imi N'Tala, ɓangaren dutsen da ke saman gari ne ya ɓalle ya rufto wa gidaje. Wanda ya koma daidai wurin nan ya gina da rodi da kankare, ingancin gininsa ba zai tare masa dutse ba.

Wannan bayani na waɗanda nauyin yanke shawara ya hau kansu ne: shugabannin ƙauye, magina, ma'aikatan agaji da masu gidaje. Yawancinsa ana iya yin sa da ido, da tef na awo, da littafi da biro. Mu a yankinmu babbar girgizar ƙasa ba ta zama ruwan dare ba, duk da motsin da aka ji a Kwoi a 2016 da Mpape a 2018. Sai dai masu zama a duwatsun Gwoza da Mambila da tsaunukan yammacin Kamaru sun san zaftarewar ƙasa da damina, kamar wadda ta kashe gomman mutane a Bafoussam a watan Oktoba 2019, kuma alamun da ake dubawa kusan duk ɗaya ne.

A dakata da harsashi tukuna

Abu na farko shi ne haƙuri, kuma shi ya fi komai wuya ga wanda ke kwana a tanti ga sanyi na tafe. Babbar girgiza ba ta zuwa ita kaɗai. A Nepal, bayan ta ranar 25 ga Afrilu 2015 mai maki 7.8, wata mai maki 7.3 ta sake aukuwa ranar 12 ga Mayu, ta ƙarasa gine-ginen da suka tsage, ta kuma sako sabbin duwatsu. Ƙasar da girgiza ta sassauta kuwa, ruwan sama ne ke fallasa ta. A lardin Sichuan na ƙasar Sin, shekara biyu bayan girgizar 2008, mamakon ruwan watan Agusta 2010 ya kwaso laka da duwatsu daga kwaruruka ya afka cikin Yingxiu da Qingping, inda aka riga aka yi sabbin gine-gine.

Don haka, in da hali, a bar damina ɗaya ta wuce kafin a zuba harsashin dindindin a duk wurin da ake shakka. A yi matsugunin wucin gadi mai ɗumi, na katako da kwano, wanda zai iya kai shekara. Shi ma wurin tantin a zaɓe shi da irin idon da za a zaɓi na gida, domin sau da yawa inda aka kafa tanti nan gari ke zama. Mutane sukan ruga fili mai shimfiɗa a bakin rafi saboda sauƙin kafa turke, alhali nan ne ruwa zai fara bi.

A gano abin da ya rushe kowane gida

Wannan mataki shi ne ginshiƙin sauran, kuma ana yawan tsallake shi saboda kowa na ɗokin kwashe ɓaraguzai. Kafin katafila ta shigo ta share shaida, a haɗa mutum biyar ko shida, da magini a ciki, da dattijo, da mace aƙalla ɗaya, a zagaya gida-gida. A zana taswirar gari a babbar takarda, a sa wa kowane gida alama gwargwadon abin da ya kayar da shi.

Wani gidan gininsa ne ya ci amanarsa: bango ya rabu a kusurwa, rufin ƙasa mai nauyi ya danno, amma daɓen ɗaki na nan a shimfiɗe babu tsaga, filin tsakar gida lafiya lau. Irin wannan wuri ana iya sake gini a kansa, a gyara yadda ake ginin kawai. Wani kuma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta motsa. Za ka ga tsaga ta ratsa daɓe, ta fita tsakar gida, ta ci gaba har cikin gidan maƙwabci, ko ka ga gefe ɗaya na harsashi ya nutse, ko katangar da ke tare da ƙasa ta kumbura ta yi ciki. Na uku shi ne wanda abu ya faɗo masa daga sama, dutse ko ƙasa.

Idan aka gama aka tsaya aka dubi takardar, sai ka ga alamun sun taru wuri-wuri. Unguwa guda ta kwanta, ta kusa da ita mai irin gini ɗaya tana tsaye. Irin wannan bambanci ba ya rasa dalili a ƙasa: ko unguwar da ta rushe tana kan ciko, ko tana bakin gaɓa, ko ƙasarta mai laushi ce mai zurfi, ita kuwa wadda ta tsira tana kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Taswirar nan kan nuna cewa ba dukan gari ne ke buƙatar tashi ba. Wani lokaci gida goma ne kawai za su matsa 'yan ɗaruruwan mitoci.

A zauna da tsofaffi a tambaye su: ina ruwa ya taɓa bi? Ina dutse ya taɓa faɗowa? Wane fili ne kakanni suka bari ga awaki ba su taɓa gini a kai ba? Filin da ya daɗe babu gini a tsakiyar wurin da ƙasa ke da tsada, akwai dalili.

A hau sama da gari

Mafi yawan haɗarin ƙauyen tsauni daga sama yake zuwa, daga inda ba a hange idan ana tsaye a ƙofar gida. Bayan girgizar Nepal masu bincike sun ƙirga zaftarewar ƙasa kimanin 25,000 ta hotunan tauraron ɗan Adam. Saboda haka a tura matasa masu ƙarfin ƙafa tare da makiyayan da suka san hanyoyi, ranar da babu ruwa, su hau har ƙololuwa. Kada su bi ta ƙarƙashin duwatsun da ke lilo, kuma wani ya san inda suka nufa.

Abin da za su nema shi ne tsaga mai lanƙwasa da ke bin gangare a kwance, musamman idan gefenta na ƙasa ya sauka ya bar 'yar gaɓa. Wannan ita ce kan zaftarewar da ta fara ba ta ƙarasa ba. Su duba itatuwa da turakun wuta da suka karkata, da katangun gonakin nan da ake yankawa hawa-hawa a jikin tsauni, ko sun kumbura. Su lura da ruwa sosai. Idon ruwan da ya ƙafe dare ɗaya, ko sabo da ya ɓullo inda ba a san shi ba, ko wanda ya koma gurɓatacce, duk alamu ne cewa cikin tsaunin ya motsa. Su bi hanyar ruwan ban-ruwa daga tushe, domin idan ta fashe tana tsiyaya cikin tsaga dare da rana, ita kaɗai ta isa ta sauko da gangare ko babu damina.

Duk tsagar da aka samu a sa mata ma'auni. A kafa guntun rodi biyu, ɗaya a kowane gefe, a buga su su shiga sosai, a shafa musu fenti. A auna tsakaninsu da tef, a rubuta da kwanan wata. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin komawa kullum a farko, daga baya mako-mako, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Idan tsagar a jikin dutse ko bango take, a liƙa ɗan siminti ya haɗa bakinta biyu, a rubuta kwanan wata a jiki. In ya dare, ƙasa na tafiya. Awon da ke ƙaruwa mako bayan mako yana nufin duk abin da ke ƙarƙashin wurin ya fita daga lissafi. Idan kuwa saurin ƙaruwar ne ke daɗuwa, a kwashe mutane ranar, kada a jira kowa ya zo daga birni. Sauran ƙananan tsagogi a cike su da yumɓu a daddale, a kau da ruwa daga gare su.

Awon gangare da nisan dutse

Ido yana ruɗi wajen kimanta gangare, gara a auna. A samo miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 3. A ɗora baki ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, a ɗaga ɗayan har lebur ɗin magini ya nuna ya daidaita, sannan a auna daga bakin da aka ɗaga zuwa ƙasa. In bai kai rabin mita ba, wuri ne mai sauƙin gini. Daga rabin mita zuwa mita ɗaya, ana iya gini amma sai da katangar tare ƙasa da magudanar ruwa masu kyau. Abin da ya haura mita ɗaya kada a taɓa shi sai injiniya ya gani, in ya kai mita ɗaya da rabi kuwa, a ganina a bar wa itatuwa. A maimaita awon a wurare da dama, har da sama da filin da ƙasansa, domin fili mai kyau da ke ƙarƙashin gangare mai tsini bai tsira ba.

Batun faɗowar duwatsu kuma, tsaunin da kansa ya riga ya rubuta iyakarsa. A nemi manyan duwatsun da ke zaune su kaɗai a gonaki, tsofaffi masu gansakuka da sababbi masu farin jiki. Inda na ƙarshe ya tsaya, wani zai iya kaiwa, har ya ɗan zarce. Binciken da aka yi a duwatsun Kanada ya ba da ƙiyasi mai amfani: daga saman tarin tsakuwar da ke gindin dutse, kowace mita ɗaya ta tsayi tana buƙatar nisan kusan mita biyu a kwance. Wato idan saman tarin ya ɗara filinka da mita 50, a ja baya fiye da mita 100. Wannan lissafi na ɗaiɗaikun duwatsu ne. Idan gefen tsauni ne ya ɓalle gaba ɗaya, nisan ya wuce haka nesa ba kusa ba. A 1970, ƙanƙara da duwatsun da suka ɓalle daga tsaunin Huascaran na ƙasar Peru sun yi tafiyar fiye da kilomita 10 suka binne garin Yungay, waɗanda suka tsira har da 'yan kaɗan da suka haye tudun maƙabarta. Ƙauyen Langtang na Nepal ma haka ya shafe a 2015. Irin wannan haɗari sai masana ne ke iya auna shi.

Kada kuma gudun abin da ke sama ya sa a haye ƙololuwa. Tsinin tudu da bakin gaɓa sun fi jijjiga lokacin girgiza, kuma baki kan ɓare. A ja baya daga bakin gaɓa aƙalla kashi ɗaya cikin uku na tsayinta, ƙari kuwa alheri ne.

Bakin kwari da gefen kogi

Akwai wani irin fili da ke yaudarar mutane ƙwarai. Inda kwazazzabo ya fito daga cikin tsauni ya buɗe, ƙasa kan bazu kamar bakin tsintsiya, da ɗan gangare mai daɗi, ga ruwa kusa, ga duwatsun gini a warwatse. Ambaliyar laka da duwatsu ce ta gina filin nan a tsawon zamani, kuma hanyarta ce har gobe. Bayan girgiza kwarin na cike da ɓaraguzan da suka zubo, ruwan farko mai ƙarfi zai kwaso su. Idan ka ga manyan duwatsu jere a gefen 'yar ƙoramar da ba ta kai ta motsa su ba, ka san abin da ya kawo su.

A bi kogi zuwa sama a tabbatar zaftarewa ba ta toshe shi ba. Girgizar Kashmir ta 2005 ta sauko da gefen tsauni a Hattian Bala, ta binne ƙauye, ta tare ruwa ya zama tafki, tafkin kuma ya ɓalle a farkon 2010. Kogin da ya ragu ba zato ba tsammani, ko ya canja launi babu ruwan sama, gargaɗi ne ga duk wanda ke ƙasa. Sabon wuri ya kasance sama da iyakar ambaliya mafi girma da tsofaffi suka tuna, da rata mai yawa.

Idan kuma girgizar ta tsaga doron ƙasa a miƙe, ta yanke hanya da gona da katanga a layi ɗaya, gefe ya ɗaga ko ya goce, to wannan ita ce tsagar asali da ta haifar da girgizar. Da wuya gini ya jure ƙasa ta rabu a ƙarƙashinsa. Dokar jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana gina gidan zama a kan irin wannan tsaga, kuma ratar da aka saba bari ƙafa 50 ce, kimanin mita 15. Wannan mafi ƙaranci ke nan, a inda aka san layin daidai.

A tona a gani

Wuraren da suka tsallake duk wannan, sai a duba cikinsu. A haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu a wurare uku ko huɗu na filin, a faɗaɗa bakinsa don kada ya rufta da mai haƙa. Abin so shi ne a tarar da dutse, ko tsakuwa mai tauri da diga ke sha da ƙyar. A ɗauki guntun rodi a danna a gindin ramin da ƙarfin hannu. In ya lume cikin sauƙi, ƙasar ta yi laushi. Toka, fasassun tukwane da tarkace suna nuna tsohon juji ko ciko. Duwatsu masu kaifi manya da ƙanana a cakuɗe da laka, da guntun itace ko baƙar ƙasar noma a binne ƙarƙashinsu, suna nuna cewa ƙasa ta taɓa zubowa ta rufe wurin.

A bar ramin ya kwana. Idan da safe ruwa ya taru a ciki, kuma ƙasar yashi ce maras danƙo, a bar wurin. Jiƙaƙƙen yashi yana narkewa idan aka girgiza shi, gini ya nutse ko ya karkata. Duk inda aka ga yashi da ruwa sun tsarto daga ƙasa ranar girgizar, an riga an sami amsa.

Wajen daidaita fili a gangare, ana yanka ta sama a zuba ta ƙasa. Harsashi ya zauna gaba ɗaya a kan ɓangaren da aka yanka. Ɓangaren ciko a bar shi tsakar gida ko lambu. Gidan da rabinsa ke kan ƙasar asali rabi kan ciko, a mahaɗar nan yake karyewa.

Masani, sannan zaman shawara

Duk abin da aka tara, taswira da littafin awo da hotunan waya, a miƙa wa masanin ƙasa da duwatsu, a kuma dage sai ya taka da ƙafarsa ya hau sama. Tsarin da hukumar sake gina Nepal ta bi abin koyi ne. Ta tura masana suka kasa matsugunan da ake shakka gida uku: inda za a iya gini nan take, inda za a iya gini bayan an yi gyara kamar katanga da magudanar ruwa, da inda dole a tashi. Waɗanda dole su tashi an ware musu ƙarin rupi 200,000 na sayen fili. A nemi masanin ya rubuta hukuncinsa a takarda, ya kuma bayyana shi a bainar jama'a da harshen da suke ji. A tsaunukan Atlas wannan na nufin harshen Amazigh, domin tsofaffi da mata da yawa ba su saba da Faransanci ko Larabcin ofis ba.

Daga nan sai tambayar da ta fi kayar da shirye-shiryen gwamnatoci: za a iya rayuwa a wurin? Garin Balakot na Pakistan ya rushe a girgizar 8 ga Oktoba 2005, wadda ta kashe mutane fiye da 70,000. Aka ayyana shi wurin haɗari saboda yana kan tsagar asali, aka tsara sabon gari a Bakrial, aka aza harsashi a 2007. Rikicin fili da masu wurin ya tsayar da aikin shekara da shekaru, mutane suka ci gaba da zama a tsohon garin da aka ce su bari. An gudu ba a tsira ba.

Saboda haka kafin a tsayar da magana a warware mallakar fili a rubuce, da shaidu, har da haƙƙin zawarawa da marayu da waɗanda ba su da takarda. A tambayi mata nisan ruwa da itacen girki, domin su ke ɗaukowa. A auna tafiyar zuwa gona da ƙafa, a ga ko manomi zai iya zuwa ya ba sha'ir da zaitun ɗinsa ruwa ya dawo, ko awaki na da wurin kwana. A duba rana: a Atlas dusar ƙanƙara na sauka da hunturu, gefen tsaunin da ke fuskantar arewa kuma yana daɗewa cikin inuwa da sanyi. A duba hanya, ko mota za ta iya kai mai naƙuda asibiti, kuma ko akwai mafita ta biyu in dutse ya toshe ta farko, kamar yadda ya toshe hanyoyin Atlas ya jinkirta agaji a 2023. Masallaci da maƙabarta ma suna riƙe mutane, kada a raina wannan. Idan wurare biyu sun yi kusan daidai wajen aminci, a ɗauki wanda ya fi kusa da gonaki.

Idan an tsayar da wuri, mafi amincin fili a ba makaranta da ɗakin shan magani da masallaci, inda jama'a ke taruwa da yawa. A bar rata tsakanin gidaje yadda bangon wani ba zai faɗa kan na wani ba, lunguna su yi faɗin da za a iya gudu, a ware fili buɗaɗɗe da kowa ya sani don taruwa. Kafin a ɗora bulo na farko a haƙa magudana ta saman gari wadda za ta tare ruwan gangare ta kai shi rafi, a daɓe ta da dutse da siminti don kada ta tsiyaya. Masai da ramin ruwan wanka su kasance ta ƙasan gidaje, nesa da bakin gaɓa da idon ruwa. Katangar tare ƙasa a bar mata ƙofofin fitar ruwa, a zuba tsakuwa a bayanta.

Awon rodin nan kuma ba ya ƙarewa ranar tarewa. A ci gaba da shi aƙalla damina uku zuwa biyar, a yashe magudana kafin kowace damina, a kuma naɗa waɗanda za su riƙa kwana da kunne a buɗe daren da ruwa ya yi yawa, da usur ko lasifikar masallaci a hannunsu, kowane gida kuma ya san tudun da zai nufa.